Amsar Wasiƙa: Zan Iya Mayar Da Bosuwajata Motar Rairayi?

Wasiƙar da muka buɗe a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, wanda yake cin kasuwannin ƙauye da gero da wake. Ya ce ya gaji wata tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda muka fi sani da Bosuwaja ko kunkuru, daga mahaifinsa. Injin yana tashi, amma tsatsa ta cinye bodin. To, sai ɗansa ya nuna masa hoton wata 'yar mota marar rufi, marar ƙofa, tana hawa tudun rairayi kamar raƙumi, aka ce masa daga Bosuwaja ake yin ta. Wani mai walda kuma ya ce ya kawo kuɗi ya cire masa bodin baki ɗaya, ya ƙera masa sabon bonet mai tsini. Tambayarsa ita ce, da me ake yin bonet da jikin wannan mota, kuma shin ya saki kuɗin?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa. Kada ka saki kuɗin tukuna, saurari bayani.

Wannan mota Amurkawa suna kiranta bogi, mu dai sai mu ce motar rairayi. Wanda ya fito da irin wadda ɗanka ya nuna maka sunansa Bruce Meyers, mutumin jihar Kalifoniya, a shekarar 1964. Sana'arsa ƙera kwale-kwale ce, shi ya sa ya yi jikin motar da abin da ya saba aiki da shi, wato faiba, ya sa mata suna Meyers Manx. A 1967 shi da abokinsa Ted Mangels suka ratsa yankin Baja na ƙasar Meziko da ita, tsakanin La Paz da Tijuana, cikin awa 34 da minti 45, suka karya tarihin da masu babur suka kafa. Daga nan kowa ya ce sai ita. Masu kwaikwayo suka yi masa ca, ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, kamfanin ya rufe a 1971. Shi kuwa ya rasu a 2021 yana da shekara 94.

Me ya sa Bosuwaja aka zaɓa? Saboda injinta a baya yake, nauyinsa yana danne tayoyin da suke tura motar, ba ta saurin kafewa. Ba ta da lagireto, iska ce take sanyaya injin. Sannan bodinta da noti aka ɗaure shi a kan shasi, ana iya kwance shi a ɗaga. A nan Nijeriya ma tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas, shi ya sa ta cika gari a wancan zamani. Lokacin da nake koyarwa a firamare akwai wani tsohon malami da yake da ita, duk ranar da ta ƙi tashi 'yan aji shida ne batir ɗinta.

Yanzu sai maganar bonet, wadda ita ce ainihin tambayarka. Alhaji, a sauran motoci bonet inji yake rufewa. A wannan motar tankin fetur yake rufewa, tanki mai cin lita kusan 40, yana nan gaba a saman ƙafafun direba. Saboda haka duk wanda zai ƙera bonet, da tanki zai fara awo, ba da kwalliya ba. A ainihin Manx, bakin tankin ta cikin bonet yake ɓullowa, da murfinsa a waje, an toshe kewayensa da roba. In aka bar bakin tanki a ƙarƙashin bonet, duk fetur ɗin da ya zuba wajen shan mai, da tururinsa, nan zai taru, kuma a nan ne wayoyin fitila da na mabuɗi suke wucewa. Tartsatsi ɗaya ya isa. Dole kuma a sa shamaki tsakanin tanki da wurin zaman mutane, a fitar da siririn bututun numfashin tanki zuwa ƙarƙashin mota. Kuma ina roƙonka, kada ka yarda a kunna wutar walda tanki yana jikin mota, ko da an ce babu mai a ciki. Tankin da babu mai tururi ne cike da shi, shi ya fi fashewa.

Tsinin nan da mai walda ya yi maka alkawari, ni ban ga amfaninsa ba. Bonet ɗin motar rairayi gajere ake so, mai gangarowa, domin direba ya ga ƙasa dab da tayoyinsa sa'ad da ya hau kan tudu. Dogon baki kuwa shi ne zai fara cakar rairayi in an gangaro.

Ita faiba ga yadda take. Zaren gilashi ne da aka yi kamar tabarma, ana shimfiɗa shi a cikin mazubi, kamar dai yadda mai buga bulo yake da nasa, a jiƙa shi da wani ruwan danƙo da aka ɗiga wa maganin daskarewa. A bi da burushi a fitar da iska, a ƙara wani shimfiɗi, har ya yi kauri. Kafin a fara, sai an shafe mazubin da kakin zuma ko makamancinsa, in ba haka ba bonet da mazubi sun zama abu guda har abada. Maganin daskarewar kaɗan ake sawa, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma a zafin ƙasarmu danƙon yana daskarewa tun mutum bai gama shafawa ba, don haka da sassafe ake yi a inuwa, a dama kaɗan-kaɗan. Warinsa yana hawa kai, ƙurarsa in ana goge shi tana sa ƙaiƙayi, tana cutar da huhu, sai an rufe hanci da hannu. Amfaninta shi ne ba ta da nauyi, ba ta tsatsa. Aibinta kuwa, in ta bugu tsagewa take yi, ba ta lotsawa balle mai gyaran bodi ya buga ta ta miƙe. Duk inda noti zai shiga sai an ƙara kauri an sa wasa mai faɗi, don girgizar hanya ta nan take fara tsaga ta. Ga kuma wani abu da yake rikita masu wayarin: faiba ba ta ɗaukar wuta. A motar ƙarfe bodin ne yake mayar da wuta zuwa batir, a ta faiba kowace fitila sai an ja mata waya ta biyu, in ba haka ba a yi ta canza ƙwan fitila a banza.

In babu mai aikin faiba kusa da kai, ana iya yi da falangen ƙarfe marar kauri a kan firam na bututu. Sai dai a naɗe kowane gefe, kada a bar kaifi, kuma a tuna duk kilo ɗaya da aka ƙara, rairayi zai karɓi harajinsa.

Akwai abin da nake zaton mai waldan bai faɗa maka ba. Bodin Bosuwaja ba sutura ce kawai ba, yana cikin abin da yake riƙe shasin. Ranar da aka ɗaga shi, shasin zai riƙa murɗewa, sai an bi gefensa biyu da ƙarfe mai kauri. Kuma don jikin Manx ya zauna, yanke shasin ake yi a cire inci 14 da ɗan ɗori daga tsakiya a sake haɗawa, tare da rage sandar giya, da wayar kuloci, da ta totur, da bututun birki da na mai. Wannan ba aikin wanda ya saba walda ƙofa da taga ba ne. Sannan mota marar rufi in ta kife a kan tudu, kan mutum ne rufinta. Tilas a sa baka na bututun ƙarfe mai kauri a bayan kujeru, wanda ya fi kan direba tsawo, a kafe shi a shasi, ba a jikin faiba ba, a kuma sa bel. Fayif ɗin ruwa ba ya wannan aiki.

A baya kuma, kada a cire gwangwanayen da suka lulluɓe injin da sunan kwalliya. Su ne suke bi da iskar fanka zuwa kan silinda, in babu su injin zai ƙone ko da a fili yake. A ɗaga matatar iska sama daga ƙurar taya, a riƙa wanke ta a kai a kai.

To, ga shawarata. Kai ɗan kasuwa ne, buhu za ka ɗauka, ga rana, ga hunturu, ga ruwan damina. Manx motar wasa ce ta mutum biyu, babu inda buhun gero zai zauna. Tun ƙarshen shekarun 1960 mutanen Kalifoniya ɗin suka fito da wata dabara mai sauƙi da suke kira Baja Bug: a bar bodin ƙarfe da rufinsa da ƙofofinsa, a datse madigadi huɗu don manyan tayoyi su sami wuri, a rage bakin bonet, a buɗe bayan inji, a ɗan ɗaga motar. Shasi ba a taɓa shi, tanki yana inda kamfani ya sa shi. In ka cire kujerar baya ka sami wurin kaya, amma ka yi wa batir murfi, don a nan ƙarƙashinta yake.

Kafin komai, ka sa bakanike ya duba dogayen ƙarafan da suke ƙarƙashin ƙofofi da kuma daɓen motar. In sukundireba ta huda su, sai an fara gyara su. Ka kuma tambayi kayan gyara a kasuwa, domin tun 2003 aka daina ƙera wannan samfurin a Meziko, inda aka yi na ƙarshe. Lambar shasi tana kan tudun tsakiya a ƙarƙashin kujerar baya, kada walda ta shafe ta, kuma ka je ofishin masu duba lafiyar motoci a gyara takardu kafin ka hau titi da ita. In bakaniken ya duba, rubuto mana abin da ya gani. Sai mu ɗauki wasiƙa ta gaba.