Mu Auna Karatun Yaranmu Kafin Mu Yabi Kanmu



Kowace shekara akan karanta mana rahoto: azuzuwa kaza aka gyara, benci kaza aka saya, littattafai kaza aka raba. Madalla. Amma wannan duk lissafin abin da ya fita daga aljihunmu ne. Abin da ya shiga kan yaro fa, wa ya taɓa auna shi?

Ina kwalejin horon malamai aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976. Yara suka kwararo fiye da yadda aka ƙiyasta, har aka riƙa karatu a gindin bishiya. A wancan zamani muka saba da ƙidayar kawuna, kuma ni ma ban tsira ba. Ina hedimasta, wani sufeto ya kira ɗan aji shida ya miƙa masa littafin aji biyu. Yaron ya yi tsuru-tsuru, alhali a rajistata bai taɓa fashi ba. Har yau ina jin kunyar ranar.

A ƙasar Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara wani bincike mai suna ASER a 2005. Masu sa kai kan bi ƙauyuka gida-gida da takarda mai matakai huɗu: haruffa, kalmomi, 'yan jimloli, sannan gajeren labari daidai aji biyu. Yaro ya karanta a fili, a rubuta inda ya tsaya. Dalilin zuwa gida shi ne kada mai fashi da wanda ya bar makaranta su ɓace daga lissafi. Shekara da shekaru suna tarar da kusan rabin 'yan aji biyar ba su iya karanta labarin nan.

Shawarata ga kwamitin ilimi ita ce mu shirya irin wannan takarda da Hausa domin darasinmu na yamma. A gwada yara a farkon shekara, a sake a ƙarshenta, kuma kada malaminsu ya zama mai gwajin, domin ba a sa mutum ya yi wa kansa alƙalanci. A ware sakamakon mata da na maza. A kuma gwada wasu tsararsu da ba su zuwa darasin. Yaro yana ƙaruwa ko babu mu, sai an kwatanta za a san namu rabon.

Mu tsofaffin malamai muna nan, ba mu neman ladan kowa. A ba mu takarda da sunayen unguwanni kafin a koma makaranta.