Zubar Jini da Awa Uku na Farko



Shekaru da dama abin da ake koya wa likita shi ne, idan an kawo wanda ya yi haɗarin mota yana zubar da jini, a hanzarta yi masa ƙarin ruwa, leda bayan leda, har bugun jininsa ya dawo daidai. Yanzu an sassauta wannan ƙa'ida. Dalili kuwa shi ne ruwan gishiri ba ya ɗaukar iskar numfashi, yana tsinka jini, yana sanyaya jiki, sa'an nan yana iya ture gudan jinin da ya fara toshe rauni. Abin da ake bi a yau shi ne a tsayar da zubar tukuna, ko da dannawa ko da ɗaure gaɓa, a kuma mayar da jini da jini.

Babban sauyin ya zo ne ta hanyar wani tsohon magani mai araha, tiranekzamik asid, wanda Utako Okamoto da mijinta Shosuke suka samar a Japan a 1962. Aikinsa shi ne hana gudan jini narkewa. Abin mamaki, sai a 2010 binciken CRASH-2, wanda ya ƙunshi majiyyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya tabbatar da amfaninsa ga masu rauni: mace-mace suka sauka daga kashi 16 cikin ɗari zuwa kashi 14.5. A 2017 binciken WOMAN, wanda asibitocin Nijeriya suka taka rawa sosai a cikinsa, ya nuna haka ga mata masu zubar jini bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sabunta shawararta a wannan shekarar.

Amma fa maganin yana da sharaɗi, wato lokaci. Ana ba da giram 1 ta jijiya cikin minti 10, kuma dole ne a ba da shi kafin cikar awa uku. Bayan haka amfaninsa ya wuce, ga masu rauni ma akwai alamar yana iya cutarwa. Da aka haɗa binciken biyu, an ga kowane jinkiri na minti 15 yana rage fa'idarsa da wajen kashi 10 cikin ɗari.

To, matar da ta haihu a ƙauye, ko direban da ya kife tsakanin Kano da Zariya, sau da yawa awa ukun nan a hanya suke ƙarewa. Tun da maganin ba ya bukatar firiji, kamata ya yi a same shi a ƙaramin asibiti da cikin motar ɗaukar majiyyata, a hannun ungozoma da ma'aikacin jinya da aka horar.