Jawabin wakilin makiyaya a zaman masana kan sha'anin tsaro

Malamai, shugabanni, ina gaishe ku da sunan makiyaya.

An shaida mana cewa masu bincike za su haɗa kai a kan maganar tsaro: malamin dabbobi, masanin ruwan sama, masanin doka da mai kakin soja, duk a tabarma ɗaya. Madalla. Da ma rarrabuwar ce ta dame mu. Wannan ya zo ruga ya ƙidaya shanu ya tafi, wancan ya auna ciyawa ya tafi, na uku ya tambayi wa ke da bindiga. Ba wanda ya tambayi inda burtali ya shiga.

Alhali daga nan rigima ke tasowa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma, ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce. Ku je Dakwaro ku ga inda gonaki suka kai. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dukiya, har masu garke da yawa suka koma kiwon shanun ƴan kasuwa da na ma'aikata. Yaron da ke bin garken da ba nasa ba, ba shi da wuyar ruɗi. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, an kashe mutum fiye da 100 a faɗan manoma da makiyaya, yawancinsu mata da yara. Shekara 20 ke nan kafin makaman Libiya su bazu a 2011. Bindiga ta zo ne ta tarar da ciwo.

A takarda kam ba mu da kuka. Akwai kundin dokokin karkara na 1993, ga kuma dokar kiwo ta 2010 wadda ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne. To me ya hana su aiki? Wannan shi ne binciken da muke so. Cibiyar Agirimet ta Yamai tana ganin inda ciyawa ta kasa tun daga tauraron ɗan adam. Garso kuwa ya san rijiyar da za a yi wa taron dangi in ciyawar ta kasa. Ku haɗa su biyun tun da kaka, a san inda za a kai abincin dabbobi da masu sulhu. Lokacin da Benin ta hana shanunmu shiga a ƙarshen 2019, wa ya zauna ya lissafa inda garken da suka saba tsallaka kogi za su tsaya?

Roƙona na ƙarshe, kada ku rubuta sunan wanda ya amsa muku tambaya, ko sunan rugarsa. A arewacin Tilaberi, wanda aka gani da baƙo mai mota, masu karɓar zakka da bindiga sai su ce ɗan rahoto ne. In ya yi shiru kuma, a ce yana tare da su. In kun gama, ku dawo mana da abin da kuka samo cikin Hausa, Fulatanci da Buzanci, a karanta a rediyo.