Mota Mai Sauƙin Nauyi da Ƙarar Cikinta



Babu maƙerin motar da ba ya neman rage nauyi, domin mota mai sauƙi ba ta shan mai da yawa. Kamfanin Ford ya yi wa motarsa F-150 ta 2015 jikin alminiyam, ya zubar da kimanin kilo 300. Sai dai nauyi shi ne katangar sauti. Ƙa'idar masana ita ce, in an ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi takan ragu da kusan desibel 6. In an rage rabi, ta ƙaru da haka. Ribar da aka samu a tankin mai, kunnen direba ne ke biyanta, kuma direban da ƙara ta gajiyar a doguwar tafiya abin tsoro ne.

A da, sai an ƙera motar gwaji kafin a ji ta inda ƙara ke shigowa. Yau injiniya kan zana jikin motar a kwamfuta, ya yayyanka shi ƙananan gutsattsari, ya lissafa yadda kowanne ke girgiza. Daga nan yake sanin inda zai manna roba mai kashe girgiza da inda soso zai zauna, ba a cusa su ko'ina ba, don kada nauyin da aka kora ya komo. Gilashin gaba ma akan sa masa wata leda a tsakani.

Motar lantarki ta ƙara dagula lissafin. Da inji ya yi shiru, sai kukan taya da na iska suka fito fili. Shi ya sa kamfanin Continental ke manna soso a cikin tayar kanta, don danne ƙugin iskar ciki, mai girgiza wajen sau 200 a daƙiƙa.