Zaman Birni, Zaƙinsa Da Ɗacinsa Ga Mutumin Kagarko

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna biranen Kudu

 Maganar yau a kan zaman birni take, abin da ake so a cikinsa da abin da ake ƙi, kuma za a auna ta da halin mutanen ƙasar Kagarko ta kudancin Jihar Kaduna, domin abin da ya same su bai bambanta ƙwarai da abin da ya sami sauran 'yan'uwansu baƙi ba.

Ƙasar Kagarko ƙasa ce ta Koro da Gbagyi da Hausawa da Filani, Musulmi da Kirista, kuma manyan garuruwanta sun haɗa da Kagarko da Jere da Kubacha. Allah ya yi mata albarkar ruwan sama da ƙasar noma, ana samun doya da dawa da masara, ga kuma citta wadda ta yi wa kudancin Kaduna suna har ƙasashen waje. Saboda haka ba yunwa ce ta fara fitar da mutanenta ba. Abin da ya fitar da su shi ne, kuɗin manomi sau ɗaya suke zuwa a shekara, alhali kuwa haraji da kuɗin makaranta da magani da hidimar aure ba su jiran kaka.

Jirgin ƙasa ne ya buɗe musu hanya. An haɗa Ikko da Kano a 1912, sa'an nan a 1927 hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi ta sa Kafanchan ta zama babbar mahaɗa. Wanda ya nufi yamma sai ya hau a Kaduna, ya ratsa Minna da Jebba da Ilori da Badun har tashar Iddo. Ko da ya sauka ba ya rasa masauki, gama fataken goro da na shanu sun riga shi. An kafa unguwar Sabo ta Badun tun 1916, kuma Agege ta daɗe da zama zangon 'yan goro. A can akwai masu gida waɗanda ke saukar da baƙo, su ci da shi, su tsaya masa a wurin ciniki. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, aiki ya yawaita a Ikko. Samarin Kagarko da maƙwabtansu suka shiga soja da ɗan sanda da aikin reluwe, waɗansu suka kama gadi, waɗansu dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa.

Idan aka tambayi dattijon da ya je tun wancan zamani, ko saurayin da ya sauka bara, abin da ya fi so a birni, amsarsu ɗaya ce: kuɗi suna shiga hannu kullum. Mai shayi da mai gyaran takalmi da mai tura ruwa da mai sauke buhunan tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, kowa yakan koma makwancinsa da abin da ya samu a ranar. Wanda ya saba jiran wata tara kafin ya ga kuɗin cittarsa ya san darajar wannan. Da irin waɗannan kuɗi ne aka yi wa gidaje da yawa rufin kwano a ƙauyuka, aka sayi taki, aka biya wa ƙanne kuɗin jarrabawa.

Abu na biyu shi ne, birni bai damu da ɗan wane ne mutum ba. Sana'ar da saurayi zai ji kunyar yi a gaban surukansa a gida, a Ikko yana yinta kansa a ɗage, kuma in ya yi gaskiya sai a ba shi amanar shago ko ta gida. Mata ma sun sami rabonsu. Akwai wadda ta fara da tukunyar tuwo ɗaya a bakin kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, ta kai ga ɗaukar ma'aikata, ta ilmantar da 'ya'yanta. Bugu da ƙari, ga asibiti kusa, ga makarantu iri iri, ga wuraren koyon aikin hannu. Mai lura kuma yakan ƙaru da halin masu gari: yadda Yarbawa ke riƙe adashi da ƙungiyoyin kasuwa, da yadda ɗan kasuwar Ibo ke riƙe yaro shekaru yana koya masa ciniki, daga baya ya sallame shi da jari. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji masu iya magana.

Abu na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, ko da yake ya fi sauran muhimmanci. A gida akan ce wannan Bakoro ne, wancan Bagwari, wannan Bahaushe, wancan Bafilatani, wannan masallaci yake zuwa, wancan majami'a. A Kudu kuwa duk sunansu ɗaya, kuma harshen Hausa ne ke haɗa su. Mutumin Kubacha da mutumin Jere, waɗanda mai yiwuwa ba su taɓa zama inuwa ɗaya a gida ba, sai ga su ɗaki ɗaya a Idi-Araba suna ci a kwano ɗaya, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ne zai kai shi asibiti. Mutanen kudancin Kaduna, waɗanda suka ga rikicin Kafanchan na 1987 da waɗanda suka biyo bayansa, sun fi kowa sanin tsadar irin wannan zumunci. Da za a ɗauko shi daga baƙunta a kai gida, da ya fi duk wata tsaraba.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Babban abin da baƙo ke kuka da shi shi ne wurin kwana. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga hannun sabon ɗan haya, amma kuɗin dillali da na rubuta yarjejeniya sukan taru su kusa kamo kuɗin hayar. Shi ya sa ake samun samari shida ko takwas a ɗaki guda, waɗansu kuma suna kwana a rumfunan kasuwa ko a gine-ginen da ba a gama ba. Magidancin da ya bar gida mai faɗi da rumbuna da garke, ga shi ba shi da inda zai ajiye iyali, sai ya bar su a ƙauye, ya riƙa ganinsu sau ɗaya a shekara, da Salla ko da Kirsimeti.

Sai cunkoson motoci, wanda tsohon ciwo ne. Tun 1977 aka taɓa kafa doka a Ikko ta raba wa motoci ranakun shiga tsakiyar gari bisa ga lambarsu. An gama gada ta uku a 1990, an kawo manyan motocin BRT a 2008, an buɗe jirgin cikin gari a 2023, an ƙara wani layin da ya bi ta Agege a 2024, duk da haka ma'aikaci yakan fita kafin asuba ya komo bayan lisha. Wannan cunkoso ne ya raya sana'ar acaɓa, wadda samarin Arewa da yawa suka dogara da ita. Da Gwamnatin Jihar ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a watan Fabrairu na 2020, ta kuma tsananta hanin a watan Yuni na 2022, an kama babura an murƙushe su. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da amfanin gona ya sayi babur ya wayi gari ba jari ba sana'a. Ga kuma 'yan tasha da masu yankar tikiti a kowane lungu, waɗanda ba a san iyakar harajinsu ba.

Abin da ya fi ciwo a zuci kuwa shi ne raini da kuɗin goro. Kalmar aboki kalma ce mai daraja a Hausa, amma a bakin waɗansu ta koma sunan wanda ake ganin bai san kome ba. In baƙo ɗaya ya yi laifi sai a shafa wa dukan baƙi. Ba a manta da abin da ya faru a Shagamu a 1999 ba, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, inda ƙaramar husuma ta zama gobarar da ta ci rayuka da dukiyar ɓangarorin biyu. Gaskiya kuma ita ce, 'yan Kudu mazauna Arewa sun ɗanɗani irin wannan, kuma a kowane rikici an sami masu gari da suka ɓoye maƙwabtansu baƙi a ɗakunansu. Amma tsoron yana nan, kuma shi ke hana mutum sakin jiki ya gina inda yake zaune.

Akwai kuma maganar 'ya'ya. Yaron da aka haifa a Agege yakan tashi da Yarbanci da Turancin kasuwa, Hausarsa ta raunana, harshen Koro ko na Gbagyi kuwa sai dai gaisuwa. Ran da zai nemi gurbin karatu ko aikin Gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. Inda aka haife shi ana ganinsa baƙo, a Kagarko kuma sai an nemi wanda ya san kakansa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da can, wanda birni ya ishe shi yakan ɗaure kayansa ya koma gona. Yanzu lissafin ya sake, domin gidan ma ya sake. An yanke shawarar mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1976, aka tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, sai ga Kagarko ta zama maƙwabciyar fadar ƙasa, tana iyaka da Bwari. Daga madatsar ruwan Gurara ake tura wa Abuja ruwa, kuma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana da tasha a Jere. Filaye sun yi daraja, masu kuɗi suna zawarcinsu, kuma magājin da ke can Ikko cikin matsin kuɗin haya shi ne ya fi saurin cewa a sayar a aiko masa da rabonsa. A ɗaya ɓangaren, masu satar mutane don neman fansa sun addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna da ƙauyukan yankin shekaru da dama, har waɗansu manoma suka bar gonakinsu na nesa. A daminar 2023 kuma wata cuta ta faɗa wa citta a Kagarko da Kachiya da Jaba da kewaye, ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, iri ya yi tsada, manoma da yawa suka rasa jarinsu. A irin wannan shekara kuɗin da ɗan birni ya aiko ne suka riƙe gidaje masu yawa, kamar yadda buhun hatsin gida ya riƙe waɗanda aka karɓe wa babura.

Wannan ya nuna cewa birni da ƙauye kowanne jigon ɗan'uwansa ne, kuma gida biyu maganin gobara. Saboda haka ya kamata mazaunin Kudu ya yi tunani sau bakwai kafin ya sa hannu a sayar da gonar gado, gama kuɗin fili sukan ƙare cikin shekara, fili kuwa ba ya komowa. Ya kamata ya mallaki katin shaidar ɗan ƙasa, ya yi rajista inda hukumar jihar da yake zaune ta ce a yi, ya san mai unguwarsa da Sarkin Hausawan yankinsa. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasar, amma wannan iko ya fi ƙarfi a hannun wanda ya bi dokar gari, ya koyi harshen masu gari, ya girmama al'adunsu. Saurayin da ke kan babur ya ware lokaci ya koyi walda ko gini ko gyaran wuta, sana'ar da sanarwa ɗaya ba za ta kashe ta ba. Ƙungiyoyin 'yan gari su kafa asusun jinya da na kai gawa gida, kada a riƙa yawo da faranti sai bayan abu ya faru. Iyaye kuma su riƙa tura yara gida lokacin hutu, su yi musu magana da harshen kakanninsu, su nema musu takardun asali tun suna ƙanana.

Hukumomi ma suna da nasu nauyin. Citta da samarin Kagarko hanya ɗaya suke bi zuwa Ikko, ita a cikin buhu za ta Apapa a fita da ita ba a sarrafa ba, su kuma a saman lodin suna neman aikin yini. Da za a tabbatar da tsaron gonaki, a samar wa manoma iri mai lafiya, a kafa wuraren sarrafa citta a inda ake nomanta, da yawancin masu tafiya sun tafi don sun ga dama, ba don dole ba.

Allah ya tsare baƙo a baƙuntarsa, ya sa albarka a cikin neman kowa, ya zaunar da Kagarko da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.