Rage Mai a Girki Ba Tare da Rage Daɗi Ba





Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita ya san wannan magana: "An hana ni mai." Mai hawan jini yana faɗinta, mai ciwon suga yana faɗinta, haka wadda teɓa ta dame ta har gwiwa ta fara ciwo. Sai a koma gida a dafa wa mutum abinci lami, dafaffen kabeji da shinkafa fara, ya daure mako ɗaya ko biyu, ranar da ƙamshin soyayyen nama ya bugi hancinsa ya ce a kai kasuwa. Ba rashin haƙuri ne ya kayar da shi ba. Babu mai iya dawwama a kan abincin da ba ya so. Don haka abin da zan tsaya a kai yau shi ne: mai yana da ayyukan da yake yi a tukunya, kuma in mun gane su, za mu iya raba su ga wasu kayan girki da tuni suke cikin madafarmu.

Me ya sa ake sa wa mai ido?

Giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 yake bayarwa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori wajen 120. In ludayinki yana cin cokali 6, to duk zubi ɗaya kalori 720 ne, tun ba a sa tumatir ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da babba yake samu daga abinci. Ga mai bukatar kalori 2,000 a yini, wannan kimanin cokali 5 ne kacal, kuma har da kitsen nama da man da ke cikin gyaɗa da madara. Kakanninmu sun sha man shanu, gaskiya ne, amma sun yini a gona, sun yi daka, sun ɗebo ruwa a rijiya. Mu kuwa daga kujera sai Keke Napep. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Aiki na farko: ɗaukar ƙamshi

Mai a karan kansa ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi. Ɗan dako ne. Yawancin sinadaran ƙamshi da ke cikin citta, kanumfari, masoro da kimba sun fi narkewa a mai fiye da ruwa, haka ma sinadarin da ke sa barkono yaji. Mai ne yake ɗauko su ya shimfiɗa a harshe. Sai dai wannan aiki ba ya bukatar kwalba guda. Cokali ɗaya ya isa, in an sa shi a lokacin da ya dace: ki zuba shi tun farko, ki sa dakakkun kayan ƙamshi a wuta kaɗan-kaɗan har su buɗe, sannan sauran kaya su biyo baya. In man shanu kike so, kada ki narkar da shi a tukunya ya ɓace. Ki ɗiga rabin ƙaramin cokali a kan tuwo mai zafi lokacin ci, inda hanci zai fara cin karo da shi.

Aiki na biyu: zafi

Ruwa ba ya wuce digiri 100 a tafasa, mai kuwa yana haura 170. A shekarar 1912 wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda furotin da sukari suke haɗuwa cikin zafi su ba da launin ja-ja da sabon ƙamshi. Wannan ne sirrin suya, kuma yana kankama sosai daga wajen digiri 140. Amma garwashi ma yana kai wa nan, haka tanda da busasshiyar tukunya mai kauri. Mai tsire da mai balangu ba sa tsoma nama a mai, kuma ba a taɓa kiran namansu lami ba.

Bari mu ɗauki jar miya, wadda ta fi kowace shan mai a gidajenmu. Mun saba ba ma yarda ta yi sai mai ya taso ya kwanta a sama. Gwada wannan: ki raba tumatir da tattasai da attaruhu da albasa gida biyu, ki ɗora su a waya bisa garwashi har fatarsu ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, ta yamutse, ruwansu ya fara tsatsafowa. Sannan ki markaɗa. Za ki ji tsamin ɗanyen tumatir ya tafi, wanda dama don korarsa ake doguwar suya. Ki sa cokali 2 na mai, ki zuba yankakkiyar albasa mai yawa, ki rage wuta. Duk sa'ad da ta fara kamawa, ki yayyafa ruwa kaɗan ki kankare gindin tukunyar da muciya. Wannan jan da ya manne a ƙasa shi ne daɗin. Ruwan naman kuma ki dafa shi tun da wuri, ki bar shi ya huce har kitsen ya daskare a sama, ki kwashe da cokali. Ɗanɗanon naman yana nan cikin romon.

Aiki na uku: kauri da santsi

Baki yana son abin da zai cika shi ya zarce sumul. A nan Bahaushe ya yi sa'a. Kuka da kuɓewa da karkashi suna ba da yauƙi ba tare da ɗigon mai ba. Kabewa in ta narke a miyar taushe tana ba da kauri mai laushi, haka dafaffen wake da aka dama a miya. Kindirmo da aka cire wa mai yana tausasa kaza: a cire fatar, a jiƙa naman da shi tare da tafarnuwa da citta, a gasa.

Daga nan sai zurfin ɗanɗano. A 1908 wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin gulutamet ne yake ba romo wannan daɗi da ba zaƙi ba ne, ba kuma gishiri ba. Matan da suke dafa kalwa su rufe ta kwanaki har ta zama daddawa suna samar da wannan sinadari tun kafin a san sunansa, domin ruɓawar tana farfasa furotin ɗin kalwar. Bandar kifi da busasshen tumatir ma suna ƙara wannan zurfi. In kuma kin ɗanɗana kin ji kamar da saura, kafin ki kai hannu ga mai, gwada tsami: ruwan tsamiya, yakuwa, ko matsin lemon tsami bayan an sauke.

Sau da yawa ma zaɓi ne kawai. Ƙullun wake ɗaya ne yake zama ƙosai ya kuma zama alala; ɗaya ya yi iyo a mai, ɗaya ya turara. Awara tana gasuwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir ba ya bukatar a ƙara masa mai. Ɗan wake kuwa, a auna masa mai cokali ɗaya, a cika kwanon da yaji da kabeji da kokwamba.

Ramuka uku da za a kiyaye

Na farko, cike gurbin mai da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kanwa ma tana ɗauke da sodiyam. Mai hawan jini da ya bar mai ya ninka magi, an gudu ne ba a tsira ba.

Na biyu, sukari da sitaci. A Amurka, a shekarun 1990, kamfanoni sun cika kantuna da biskit mai tambarin "babu mai", irin su SnackWell's, alhali cike yake da sukari da fulawa. Mutane suka riƙa ci babu lissafi, ƙiba kuma ba ta ragu a ƙasar ba. Mu ma in an rage mai a miya aka ƙara malmalar tuwo da lemon kwalba, ba a yi komai ba.

Na uku, yanke mai gaba ɗaya. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da mai. Ganyen zogale da karas suna bukatar ɗan mai kafin jiki ya amfana da su sosai, kuma jan manja da kansa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ƙananan yara, masu juna biyu da masu shayarwa ba su cikin wannan takura. Mai shan maganin suga kuma ya shawarci likitansa kafin ya sauya cimarsa.

Roƙona ga iyaye mata shi ne a daina tsiyaya mai daga bakin galan. A ajiye cokali kusa da shi, a riƙa aunawa, a rage sannu a hankali cikin makonni, domin harshe yana sabawa. Ku kuma iyaye maza, ku daina auna ƙaunar uwargida da yawan man da ya kwanta a miya, kuma kada a ware mara lafiya da tasa 'yar tukunya kamar wanda ake horo. Tukunya ɗaya mai daɗi da kowa zai ci ita ce za ta ɗore, ga sauƙin cefane a wannan zamani da kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi.

 Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.