Mu Muna Dawowa Gida, Shi Yana Barin Gida



Shugaban wannan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da kuka taso daga Landan, Bamingham, Lids da nan Manchesta, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wannan zama da alheri.

Maganata a kan yaran da wasunmu ke ɗaukowa riƙo daga gida ce. Tun daga 2009 rikicin Borno da Yobe yake barin marayu, ga kuma abin da 'yan bindiga suka jawo a Zamfara, Katsina da Sakkwato. Da wuya a samu mutum a ɗakin nan da ba a taɓa bugo masa waya an ce wane ya rasu ya bar ƙanana ba. Wanda ya ce a ba shi ɗaya ya riƙe ya yi abin da iyayenmu suka saba, domin ɗa na kowa ne. Sai dai akwai abin da muke mantawa. Ranar da kuka hau jirgi da yaron nan, ku kuna dawowa ɗakinku da aikinku ne. Shi kuwa yana barin kakarsa, da tsakar gidan da ya yi rarrafe, da duk muryar da ya sani. Wanda ya riƙe wannan a ransa, shirinsa zai bambanta tun daga takarda har zuwa abin da zai sa a jaka.

Na fara da takarda, domin a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Akwai masu ba da shawarar a rubuta yaro a matsayin ɗan cikinka, a sauya masa sunan uba a takardar haihuwa, wai don biza ta fito da wuri. Don Allah kada mu yi. Addininmu ya hana tun a Suratul Ahzab, inda aka yi umarni a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, kuma kan Zaidu ɗan Harisa hukuncin ya fara aiki. Dokar ƙasar nan ma ba ta sassauta ba. Shigo da yaro don mayar da shi ɗa ba tare da bin ƙa'ida ba laifi ne a wata doka ta 2002, kuma yana iya kai mutum gidan yari. Ramin ƙarya ƙurarre ne: gwajin jini ɗaya ya isa ya tona ta, kuma yaron ne zai fi kowa shan wahala, don shi za a raba da gida karo na biyu.

Ku sani kuma Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1993 da ta tsara ɗaukar yara tsakanin ƙasashe. A watan Maris na 2021 gwamnatin Birtaniya ta dakatar da ɗauko yara daga Nijeriya ta wannan hanya, saboda takardun bogi da gidajen da ake sayar da jarirai. Wanda ke da dalili na musamman sai ya nemi a keɓe shi, a duba lamarinsa shi kaɗai. Takardar riƙo daga kotun shari'a tana da daraja, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, da sunanta, amma ita kaɗai ba ta buɗe ƙofar ƙasar nan. Ku nemi lauya mai rajista tun kafin ku yi wa dangi alkawari.

Idan komai ya kammala, sunan yaron zai bambanta da naku a fasfo. Jami'an shige da fice suna da hurumin tsayar da ku su yi tambaya, kuma aikinsu suke yi. Takardar kotu, takardar haihuwa, shaidar rasuwar iyaye, amincewar dangi a rubuce, katin rigakafi, duk su zauna a jakar hannu. Kada a saka su a akwatin da za a auna, don akwati yana iya kwana a Alkahira ku kuna filin jirgin Hitro na Landan.

Sai lafiya. Kafin a sayi tikiti a kai yaro asibiti a gwada ko yana da amosanin jini, wato sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu amosanin jini, kuma iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsayin mita 2,400 ce, ga sanyi ga bushewa. Waɗannan su ne ke tayar da ciwon sikila. Yaron da ke da shi yana buƙatar shawarar likita, da ruwa a kai a kai, da rigar sanyi a kusa. Bayan an iso kuma, duk zazzaɓin da ya taso a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita daga inda ya zo, domin likitan nan ba zai fara kawo zazzaɓin cizon sauro a ransa ba sai an faɗa masa.

Yanzu ranar tafiya. Muna da wata ɗabi'a ta yaudarar yaro don kada ya yi kuka: a ce masa za a je sayo alewa, ko a ɗauke shi yana barci, ya farka ya ga babu kowa nasa. Mu daina. Yaro ɗan shekara uku yana gane sallama. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a bar kakarsa ta rungume shi ta sa masa albarka. Zai yi kuka, amma ba zai fara zama da ku a kan cewa kun sace shi ba. Ku je gida da wuri, ku yi makonni kuna ba shi abinci da hannunku, kuna yi masa wanka, kafin ku zama su kaɗai ne fuskar da ya sani a cikin ɗaruruwan baƙi.

Manomi idan zai yi dashe, da ƙasar jikin saiwar yake ciro shukar, kuma ya san za ta yi yaushi kwana biyu kafin ta miƙe. Ku taho da zanen goyon da aka saba goya shi da shi, kada a wanke. Ku taho da kofinsa, da hoton iyayensa, da muryar kakarsa a waya.

Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye sa'a shida da wani abu ne. Wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa sai ya yada zango a Adis Ababa, Alkahira ko Doha, tafiyar ta cinye yini da dare. Idan da hali, ku biya kuɗin kai tsaye, ku kuma tafi ku biyu, musamman in yaran sun wuce ɗaya. Wanda bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, kuma ana iya neman gadon jarirai tun wajen sayen tikiti. Lokacin tashi da sauka kunne yana toshewa ya yi zafi, sai a ba jariri bulumboti, babba kuma a ba shi abin taunawa ko ruwa ya riƙa haɗiya. Madarar jariri ana barin a wuce da ita wurin bincike. Kilishi da man shanu da nono kuwa ba a shigo da su ƙasar nan, sai ku nemi cincin da dabino. Ku sa kayan sauyawa na yaro da naku. Ku raka shi banɗaki, ku fitar da shi kafin ku danna ruwa, don ƙarar tana firgita wanda bai taɓa ji ba. Kada a ɗura masa maganin mura don ya yi barci: wasu yaran ƙara birkicewa suke yi, kuma ga ƙanana akwai haɗari. Idan ya yi kuka mutane suna waiwaye, ku goya shi ku yi ta zagaye, ku yi masa magana da harshen da ya sani, Hausa ne, Barbarci ne ko Fulatanci.

Isowa ba ita ce ƙarshe ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa a garin nan kafin ƙarfe huɗu. Yaron da ya saba da rana da ƙofa a buɗe zai iya daina magana, ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa ɓoye abinci. Wannan ba rashin kunya ba ne, kewa ce, kuma duka ba ya maganinta. Idan yaron bai kai shekara 16 ba, kuma kai ba kakansa ba ne, ba wansa ba, ba kawunsa ko baffansa na jini ko ta hanyar aure ba, doka ta ce a sanar da ƙaramar hukuma in zai zauna kwana 28 ko fiye. Hukuma ta ƙara sa ido ne bayan rasuwar Victoria Climbié a Landan a 2000, yarinya 'yar shekara takwas daga Kodebuwa da wata 'yar'uwar kakanninta ta ɗauko da sunan karatu. Zan faɗi wannan a fili: yarinyar da aka ɗauko riƙo ba 'yar aiki ba ce. Makarantar da 'yarki take zuwa, can za ta je. Abin da aka sa wa ɗanki a faranti, shi za a sa mata. Wanda ya ga akasin haka a gidan ɗan'uwansa ya yi shiru, da shi aka yi zaluncin.

Ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. A kafa ƙaramin kwamiti na iyaye mata, da malami, da masanin doka, wanda mai niyyar riƙo zai fara zama da shi. A samu masu tarbar iyali a filin jirgi da rigunan sanyi da kujerar yara ta mota, tunda doka ta wajabta ta. Na uku, mu jinkirta zuwa barka. Mu aika da abinci, mu bar yaro ya san masu riƙonsa kafin a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kuma kada a kira shi maraya a gabansa.

Wanda ya ga hanyar kawo yaro ta toshe, kada ya karaya. Kuɗin makaranta da na asibiti da kake aikawa duk wata, yaro yana ɗakin gwaggonsa, shi ma riƙo ne, wani lokacin ma shi ya fi masa alheri.

Allah ya jiƙan iyayen da suka rigaye mu, ya raya abin da suka bari, ya ba mu ikon sauke amana.